JIRGIN YAƘI MAI FUKAFUKAI HAWA BIYU: YADDA AKE ƘERA ƘARAMINSA DA KARA

In kaka ta yi, aka gama yanke dawa, yaran karkara ba su rasa abin wasa. Da kara da reza sai su ƙera mota, ko kamiyo, ko jirgin sama. Kowa ya ga irin wannan a garinsu. Amma akwai wata irin ƙira wadda ta wuce wasan yara. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, manya masu gemu suna zama wata guda cur a kan ɗan jirgi wanda bai wuce tafin hannu biyu ba. Abin da ya raba aikinsu da na yara shi ne awo. Yaro yana ƙera abin da idonsa ya gani. Su kuwa suna ɗaukar jirgi ɗaya na gaske, su rage kowane sashe nasa daidai wa daida, su shafa masa launin da aka shafa wa na gasken.

Can suna sayen kayan a cikin kwali, an zuba su da roba, sai a haɗa. Wani kamfanin Ingila mai suna FROG ya soma sayar da irinsu a 1936. A Faransa kamfanin Heller ya soma a 1957. Waɗansu kuma suna sassaƙawa da wani icce marar nauyi mai suna balsa, wanda ake samu a Kudancin Amurka. Totuwar karan dawa ta yi kama da shi wajen rashin nauyi da sauƙin yanka. Saboda haka mai kara da haƙuri yana iya yin aikin ba tare da ya sayi kwali ba.

JIRGIN DA ZA A KWAIKWAYA

Jirgin sama mai inji ya fara tashi ran 17 ga Disamba 1903 a Amurka, a hannun wa da ƙane, Wilbur da Orville Wright. Tashin farko daƙiƙa 12 kawai ya yi. Shekara 11 bayan haka, a 1914, yaƙin duniya na farko ya tashi a Turai. A ƙasar Hausa lokacin ana cikin yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba.

Da farko aikin jirage leƙen asiri ne. Matuƙi ya tashi, ya dubi inda abokan gaba suka yi sansani, ya komo ya faɗa. Daga nan kowane ɓangare ya ga lalle ne ya hana ɗayan leƙe. Sai aka ƙera ƙananan jirage masu sauri, masu ɗaukar mutum ɗaya da bindiga, don farautar sauran jirage.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna shi ne SPAD 13 na Faransa. Wani injiniya mai suna Louis Béchereau ya zana shi. Ya fara tashi cikin Afrilu 1917, wata guda bayan sojan Faransa sun karɓe Agadas daga hannun Kawusan. An ƙera fiye da 8000. Faransa ta yi yaƙi da shi, Amurka da Italiya ma haka.

Jikinsa icce ne, an lulluɓe da ƙyallen lilin, an shafa wani irin mai wanda ke sa ƙyalle ya ɗame kamar fatar ganga. Sai wayoyin ƙarfe masu riƙe shi. Nauyinsa ba kaya kimanin kilo 600 ne, wato buhu 6 na kilo 100. Injinsa na da ƙarfin doki 200 zuwa 220. Yana gudun fiye da kilomita 200 cikin awa guda, amma man da ke cikinsa ba ya kai shi fiye da awa 2 a sama.

Me ya sa fukafukai hawa biyu? Injin wancan zamani ba shi da ƙarfi sosai, sai da faffaɗan fiffike jirgi ke tashi. Dogon fiffike ɗaya na icce da ƙyalle kuwa yana iya karyewa. In aka yi biyu, ɗaya bisa ɗaya, aka kafa ƴan dirkoki tsakaninsu, aka ɗaure da waya, sai su zama kamar akwati, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Mai kafa rumfa ya san wannan dabara.

AWO KAFIN YANKA

Ga girman SPAD 13 na farko-farko:

Daga bakin fiffiken dama zuwa na hagu: mita 8 da santimita 25.
Daga hanci zuwa wutsiya: mita 6 da santimita 25.
Tsayi daga ƙasa: mita 2 da santimita 60.

Mai ƙira yana zaɓen lamba ɗaya, ya raba kowane awo da ita. Masu kwalin roba sun fi raba wa da 72, ko 48, ko 32. In aka raba da 72, fiffike ba zai kai santimita 12 ba. Wannan ya yi ƙanƙanta ga aikin kara. Lamba 25 ta fi daɗi, lissafinta kuma yana fita sarai.

Mita ɗaya santimita 100 ce. To, mita 8 da santimita 25 ta zama santimita 825. A raba da 25, an sami 33. Fiffiken ɗan jirgi santimita 33 ke nan. Tsawon jiki santimita 625, a raba da 25, an sami 25. Tsayi santimita 260, a raba da 25, an sami 10 da ɗan ɗori. Faɗin fiffiken sama kimanin mita ɗaya da rabi ne, ya koma santimita 6. Farfela kimanin mita 2 da rabi, ta koma santimita 10. Ko matuƙi mai tsayin santimita 175, in za a sassaƙa shi tsaye, santimita 7 zai zama.

A taƙaice, kowace mita ɗaya ta jirgin gaske santimita 4 ce a jikin ƙaramin. Wanda ya riƙe wannan, in ya sami hoton jirgin, yana iya fitar da sauran awon da kansa. Doka ɗaya ce ba a karya ta: lambar da aka soma da ita, da ita ake gamawa. In aka raba fiffike da 25, aka raba wutsiya da 20, an sami jirgi mai wutsiyar wani.

Bayan lissafi sai zane. A shimfiɗa takarda, a zana jirgin da girman da za a ƙera shi, sau ɗaya daga sama, sau ɗaya daga gefe. Duk abin da aka yanka, a ɗora shi bisa zanen a gani. Wanda ya wuce layi a rage shi. Wanda ya gaza a yar da shi, a yanki wani.

KAYAN AIKI

Karan dawa mai kauri, busasshe ƙwarai, guda 6 ko 7. Ba yawa ba ne, ba zai rage abincin dabbobi ba. Ɗanyen kara ba ya yi, don in ya bushe yana lanƙwashewa. Sai ƙaro, a jiƙa shi ya kwana, a tace. Sai reza sabuwa, da ma'auni mai santimita, da fensir. Sai takarda marar kauri, da kwalin sukari, da baƙin zare, da ɗan kakin zuma, da ƙayar aduwa don kafe abu kafin ƙaro ya kama. In ba takardar goge katako, a shafa ƙaro a kwali, a barbaɗa rairayi mai laushi, a shanya. Ta samu.

Reza a naɗe gefe ɗaya da tsumma. Yanka kuma a riƙa tura shi waje, ba wajen yatsa ba. Ƙaramin yaro ya tsaya ga kallo da miƙa kaya.

GANGAR JIKI

A feƙe ɓawon kara, a ajiye shi, yana da amfani gaba. A haɗa totuwa 4 da ƙaro, biyu bisa biyu, a ɗaure da zare, a bar ta kwana ɗaya. In ta kama sai sassaƙa. Hancin SPAD a kewaye yake, domin a nan lagireto yake, mai sanyaya ruwan inji. Daga bayan matuƙi jikin yana tsukewa har wutsiya. A ƙwaƙule ramin zaman matuƙi daidai ƙarƙashin bayan fiffiken sama. Babu rufi a kansa. A haka suke tashi, iska da sanyi suna dukansu.

A gaban ramin, bisa inji, a manna tsinke 2 gajeru. Su ne bindigogi masu ruwan harsashi. Mai kallo zai tambaya: yaya suke harbi ba su sare farfela ba? An haɗa kunamar bindiga da inji, ta yadda harsashi ba ya fita sai lokacin da hannun farfela ya kauce. Jamusawa ne suka fara yaƙi da wannan dabara a 1915. A kowane gefe kuma a manna dogon tsinke, shi ne bututun hayaƙi, wanda ke bin jiki har ya wuce wurin matuƙi.

Totuwa tana shan fenti kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Saboda haka a lulluɓe jikin da takarda marar kauri, a shafe da ƙaro mai ruwa-ruwa, a goge in ya bushe.

FUKAFUKAI

A nan aikin yake. A tsaga ɓawon kara siri-siri. A shimfiɗa dogaye 2 bisa zane, a kafe su da ƙaya. A jera gajeru a gicciye, tazara ɗaya, kamar haƙarƙari. Na ƙasa ya ɗan fi na sama ƙanƙanta. Dukansu a miƙe suke, ba su ɗaga baki sama ba. A tsakiyar fiffiken sama, ta baya, a ɗan yanke gurbi, don ta nan matuƙi ke ganin abin da ke bisa kansa.

A manna takarda sama da ƙasa. In ƙaro ya bushe, a yayyafa ruwa kaɗan da yatsa. Takarda in tana bushewa tana ɗamewa, kamar ƙyallen jirgin gaske. Amma ɗamewar nan tana iya murɗe fiffike. Don haka a danne shi bisa allo mai lebur, a bar shi a inuwa har gobe. Wanda ya shanya a rana don sauri, zai tarar da shi ya kantare kamar ƙirgi.

Akwai wata alama da masana ke dubawa. Bayan fiffiken SPAD da waya aka yi shi. Da ƙyalle ya ɗame sai ya ja wayar ciki tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari, bakin ya yi ƴan lauje-lauje. Ana fitar da su da bakin reza, kaɗan-kaɗan.

Wutsiya da kwali ake yanka ta: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye.

Kada a yi gaggawar ɗora fiffiken sama. In aka ɗora, hannu ba ya shiga tsakani da buroshi. A manna na ƙasa da wutsiya, a yi fenti duka, sannan a ɗora na sama.

FENTI

SPAD na farko-farko launi ɗaya gare su, ruwan ƙasa mai haske mai ɗan rawaya. Daga ƙarshen 1917 Faransa ta koma shafa launi 5 a bayan jirgi: kore mai haske, kore mai duhu, ruwan rairayi, ruwan ƙasa mai duhu, da baƙi. Ana yin su dabbare-dabbare, manya-manya. Dalili shi ne, wanda ke sama in ya dubo ƙasa, jirgin ya saje da gonaki da daji. Cikin jirgi, wato gefen da ke duban ƙasa, launi mai haske ake shafa masa.

Mai kuɗi ya sayi fentin kasuwa. Marar kuɗi ma ba ya rasa. Farar ƙasa tana ba da fari. Shuni yana ba da shuɗi. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, yana ba da ja. Gangamau yana ba da rawaya. Shuni da gangamau in sun haɗu sun zama kore. A ƙara baƙi kaɗan, ya yi duhu. Baƙin tukunya ko tawada yana ba da baƙi. Jar ƙasa da ɗan baƙi sun ba da ruwan ƙasa. Kowane a niƙa shi lilis, a dama da ruwan ƙaro. A gwada shi a guntun takarda tukuna, don launi jiƙaƙƙe daban, busasshe daban.

Buroshi kuwa, a yanki gashin wutsiyar akuya kaɗan, a ɗaure a bakin tsinke, a daidaita shi da reza.

A zana iyakar kowane launi da fensir. A soma da mai haske, a ƙare da baƙi, domin duhu yana rufe haske, haske ba ya rufe duhu. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Mai kauri yana tsagewa, yana kuma ɓoye haƙarƙarin da aka sha wahala a kansa. Kowane launi ya bushe kafin a sa maƙwabcinsa. Lokacin hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, sai a kife babbar ƙwarya a kai.

Mai aiki da fentin kasuwa ya zauna a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta. Ya wanke buroshi da kananzir, ba da baki ake lasar sa ba. Waɗansu fentocin mai suna da dalma a ciki, ita kuwa guba ce, musamman ga yara.

TAMBARI BA ADO BA NE

Makiyayi yana gane raƙuminsa da shaidar da ke jikinsa. Haka jiragen nan. Da yaƙi ya soma, sojan ƙasa suna harbin duk jirgin da ya gitta, har nasu. Faransa ta riga ta sa wa jiragenta tambari tun 1912: da'ira uku, shuɗi a tsakiya, sai fari, sai ja a waje. Jamus ta sa baƙin gicciye. Ingila ta fara da zanen tutarta, amma daga nesa gicciyen tutar yana kama da na Jamus, sai nata sojan suka riƙa harbin nata jirage. Kafin 1914 ta ƙare ta ari da'irar Faransa, ta juya launin: ja a tsakiya, shuɗi a waje. Amurka a 1918 ta sa fari a tsakiya, sai shuɗi, sai ja a waje.

To, mai ƙira in ya musanya shuɗi da ja, ya mai da jirgin Faransa na Ingila. A wancan zamani kuskuren gane tambari rai yake ci.

Tambarin SPAD na Faransa guda 4 ne: 2 bisa fiffiken sama, 2 ƙarƙashin na ƙasa, kusa da baki. Ya fi sauƙi a zana su a farar takarda daban. A kafa ƙaya a tsakiya, a ɗaura zare da fensir, a kewaya sau 3. A shafa launi, a yanke, a manna. A wutsiya mai tsaye kuma layi 3: shuɗi a gaba, fari a tsakiya, ja a baya.

Kowace rundunar jirage tana da tata alamar a gefen jiki. Wadda ta fi suna a Faransa tsuntsu ta zaɓa, ɗan'uwan shamuwa, amma fari, mai baƙin gashi a fiffike da jan baki. Yana sheƙa bisa rufin gidaje a yankin Alzas, wanda Jamus ta ƙwace daga Faransa a 1871. Zanensa a jikin jirgi yana nufin sai an karɓo yankin. Wannan tsuntsu ba baƙo ba ne a Sahel. In sanyi ya kama Turai yana ƙetaro hamada, ana ganinsa a fadamu da saura yana cin fara.

ƊORA NA SAMA DA ƊAURA ZARE

Dirkoki 8 ne tsakanin fukafukai, 4 a dama, 4 a hagu, biyu-biyu. A jera tsinkayen a yanke su tare, don tsawonsu ya zo ɗaya. Sai waɗansu gajeru bisa jiki, gaban matuƙi, masu riƙe tsakiyar fiffike. A yanki kwali 2 masu tsayin dirkokin, a tsayar a dama da hagu, su tallafi fiffiken sama har ƙaro ya kama. A duba ta gaba: fukafukan biyu su tafi tare, tazara ɗaya. A duba ta sama: kada ɗaya ya karkace. In an ga kuskure a gyara tun ƙaro bai bushe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan kwana ɗaya sai zare. A goga masa kaki don gashinsa ya kwanta. A ja shi daga gindin dirka zuwa kan ta gaba, a gicciye, gaba da baya. A ja shi ya miƙe, amma ba da ƙarfi ba. Abin da aka yi a dama a yi shi nan take a hagu, in ba haka ba gefe ɗaya zai rinjayi ɗaya.

Ƙafafu 2 ne a gaba. Murfin kwalbar lemo ya kusa daidai da girmansu, ko a yanko daga sakaina. A baya babu taya, ɗan sanda ne mai jan ƙasa. Farfela hannu 2 gare ta, a sassaƙa ta da icce mai laushi, kowane hannu a ɗan murɗe, a soke ta da ƙaya don ta riƙa juyawa. In an gama a rataye jirgin da zare a rufin ɗaki, don gara da kyankyaso suna son totuwa da ƙaro.

WAƊANDA SUKA ZAUNA CIKI

Ramin nan da aka ƙwaƙule da reza, mutane ne suka zauna cikinsa, yawancinsu samari. Georges Guynemer na rundunar farin tsuntsu, da farko an ƙi ɗaukarsa soja don rashin ƙarfin jiki. Ya shiga a matsayin mai gyaran inji, daga baya ya zama matuƙi, ya kakkaɓo jirage 53. Ran 11 ga Satumba 1917 ya tashi da SPAD 13 a sararin Beljiyam, bai komo ba. Shekarunsa 22. Ba a kawo gawarsa gida ba. Wani jirginsa, SPAD 7, yana ajiye a gidan tarihin jirage na Le Bourget, kusa da Paris. René Fonck ya kakkaɓo 75, shi ya tsira da ransa. Akwai kuma Eugene Bullard, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya tuƙa wa Faransa SPAD a 1917. Yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka tuƙa jirgin yaƙi.

Matuƙan Faransa ba a ba su laimar sauka ba. Jirgi kuwa icce ne da ƙyalle da mai. In ya kama wuta a sama, babu mafita. A ƙarƙashinsu, cikin ramukan taɓo, akwai sojan da Faransa ta ɗiba daga Afirka ta Yamma, wajen 200.000, har da ƴan ƙasar nan. Wajen 30.000 ba su komo ba. Yaƙin ya tsaya ran 11 ga Nuwamba 1918.

Ɗan jirgin kara ba ya tashi, ba a yi shi don haka ba. Amma wanda ya gama shi ya iya raba 825 da 25, ya iya karanta zane, ya san santimita 4 a takarda tana iya zama mita ɗaya a ƙasa. Da irin wannan lissafi ake zana gona, da rijiya, da rumbun tsimi. In yara suka taru suna kallonsa yana lilo a rufin ɗaki, suka tambayi ko na wane ne, mai shi yana da amsa: ga ƙasar, ga shekarar, ga kuma abin da ya sami mai tuƙa shi.